Shawarwari kan rahoton kamfanonin lafiya a lokacin annoba

A wata tattaunawa da aka yi kan abin da ya kamata kamfanonin lafiya su rubuta a rahotonsu lokacin annoba, abin da aka fi nanatawa shi ne, ya kamata kamfanin magani ya daina cika rahotonsa na shekara da hotunan rabon takunkumi, ya kawo lissafi: allurai nawa ya sayar, a kan nawa, kuma wace ƙasa ta samu.

Wani ya tuna Disamban 2021, lokacin da Najeriya ta lalata allurar korona ta AstraZeneca sama da miliyan 1 a Abuja, saboda gudummawar ta iso dab da ƙarewar wa'adinta. Ya ce duk kyautar da za a rubuta, a haɗa da ranar lalacewarta. Nan kam na yarda da shi.

Sai batun shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an sayi kayan kariya kimanin tan 87,000 ta shirin Majalisar Ɗinkin Duniya daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021, mafi yawansu bola suka nufa. Ya kamata kowane kamfani ya faɗi inda nasa kayan suka ƙare.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a rubuta ma'aikata nawa suka kamu da cutar, kuma mai bincike na waje ya tantance alƙaluman kafin a buga.