Neman sunan Hausa ga "fonction affine par morceaux"

Malamin lissafi, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai a kan abin da littattafanmu na Faransanci suke kira fonction affine par morceaux, wanda nake koyarwa da misalin kuɗin kiran waya. A ce kamfani yana cire dala 10 a kowane minti cikin minti 3 na farko, daga nan ya sauko zuwa dala 5. Wanda ya yi minti 10 zai biya dala 30 da ƙarin dala 35, wato dala 65, ko sefa 325. Idan aka zana shi a allo, layin yana hawa a miƙe, ya tanƙwara a kan minti na 3, sannan ya ci gaba da hawa a hankali. Tun da aka ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar a 2025, ya kamata mu samo masa suna.

Wani ɗalibi, Yamai:
Malam, ni a ganina a ce "mai matakala", tunda farashin hawa-hawa ne.

Malamar lissafi, Tawa:
Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma matakala tana da mai ita, wato fonction en escalier. Idan kamfani yana lissafi da cikakken minti, ta yadda wanda ya yi minti 1 da sakan 5 zai biya kuɗin minti 2, zanen yana kwanciya ne, ya yi tsalle, ya sake kwanciya. Amma idan lissafin sakan-sakan ne, kiredi yana zurarewa kusan babu yankewa, kuma abin da yake sauyawa a minti na 3 shi ne saurin hawan layin kawai. In muka ba su suna ɗaya, a ranar jarrabawa yara za su zana wannan a madadin wancan. Ni na fi son "miƙaƙƙiya gaɓa-gaɓa", domin gaɓa tana nufin yanki, kamar na rake, tana kuma nufin mahaɗar da hannu yake lanƙwasawa, kuma duka biyun suna cikin zanen.

Malamin lissafi, Tawa:
Malama, Allah ya ƙara basira. Na so in kawo "karyayyen layi", sai dai shi ya fi dacewa da zanen, wanda ake kira ligne brisée, kuma ga kunnen yaro abin da ya karye ya lalace ke nan. Na karɓi taki: kowane yanki "gaɓa", wurin da farashi ya sauya kuma "mahaɗa".

Saura abu guda. Gaɓar farko, 10t (t shi ne adadin mintocin kiran), tana tashi daga sifili, don haka linéaire ce. Ta biyu kuwa, 5t + 15, idan aka ja ta baya ba ta bi ta sifili, shi ya sa ake ce mata affine. "Miƙaƙƙiya" ta haɗe su biyun, alhali ana tambayar bambancinsu a ajin BEPC, wato ajin jarrabawar kammala kwaleji. Wa ke da kalmar da za ta raba su?