Neman shawara: wace firosesa ce za ta iya min editin a hanya?

Sadiƙu Mai Kamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, kamu da ɗaurin aure da dina, wani lokaci walimar sauka, kuma yanzu aikin ya fi yawa a wajen gari, wannan satin Zariya wancan Saminaka ko Kafanchan, in Abuja ne jirgin ƙasa nake bi daga tashar Rigasa a nan Kaduna. To mutane yanzu ba sa jiran sati biyu, ana tashi daga kamu suke son ɗan gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu da za su ɗora a Instagram kafin gari ya waye.

Laftof ɗina firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke mata aiki, Core i7 ce ta Intel, 7500U, ram 8, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi mai gig 8. Da kamarar Sony A7 III nake ɗauka a 4K, editin kuma a manhajar Premiere Pro. Satin da ya wuce a Saminaka abin ya kai ni bango, an kashe janareto wajen sha ɗaya na dare, ina zaune kan tabarma a zaure na ɗora ta kan farantin silba don zafinta ba ya bari a sa ta a cinya, fankarta sai kuka take, bidiyo ya yi gaba ya tsaya, ƙanwar amarya ta leƙo ya kai sau huɗu tana cewa Malam an gama? Ekspot, wato fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, na kashi 70 batir ya mutu. Wallahi na ji nauyin mutanen nan sosai don sun karrama ni.

Na ɗan tara kuɗi zan sayi ta hannu mai kyau. Na zaga shaguna, wannan ya ce lallai i9, wancan ya ce Ryzen, wani ya ce MacBook kawai. Wacce zan ɗauka wadda za ta yi aiki ko ba wuta?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko ka daina kallon i7 ɗin nan da aka manna a jiki, shi ne yake cin kuɗin mutane a kasuwa. Lambar da ke gabansa ita ce magana. Taka 7500U, bakwai ɗin farko janareshan na 7 kenan, ta 2016 ce, kor biyu kacal gare ta, wato sassan firosesa da ke raba aiki a tsakaninsu, U ɗin ƙarshe kuma yana nufin mai tsimin wuta ce, wat 15, an yi ta ne don aikin ofis ba don 4K ba. Yanzu ka ɗauki i5-12500H, a suna i5 ce amma janareshan na 12 ce, kor 12, wat 45, ta fi taka nesa ba kusa ba. Don haka in Intel za ka saya ka nemi mai H a ƙarshe, daga janareshan na 11 zuwa sama, ram kar ya gaza 16. i9 a siririyar laftof asarar kuɗi ce, zafi zai sa ta rage gudu da kanta ta dawo daidai da i7. Sannan ka sani Windows 11 a ƙa'ida daga janareshan na 8 take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2025, kar wani ya sake liƙa maka ta 7 ya ce ai i7 ce.

Abdul Kawo:
Gaskiya Injiniya ya gama magana. Nima haka aka min da farko.

Maman Hanifa:
Injiniya ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ka bar rabin tambayarsa, cewa ya yi ko ba wuta. Ni ma harkar nake yi, ƙananan bidiyoyi nake haɗa wa ƙungiyoyi kuma ƙauyuka muke shiga, na taɓa riƙe irin waɗannan masu H ɗin da katin sarrafa hoto na Nvidia, a jikin caja kamar doki, kana zare caja sai ta koma rarrafe don batirin ba ya iya ba ta wutar da take so, awa ɗaya da 'yan mintuna kana editin ta mutu. Ga cajarta kamar bulo, wat 180 ko sama, ka haɗa da kamara da lens da tirafod ka shiga motar Kawo ka ji yadda kafaɗa za ta yi.

Yanzu MacBook Air M1 nake riƙewa, ta 2020, ram 16. Gudunta a batir da a caja duk ɗaya ne, wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci ga mai yawo. Cajarta wat 30 ce, fawa banki mai USB-C mai ƙarfi yana caja ta, ni daga Rigasa har tashar Idu ta Abuja ina yanka bidiyo a cinya in sauka da sauran caji mai yawa. Ba ta da fanka sam, ƙurar hunturu ba ta da ta inda za ta shiga ta toshe. Aibinta shi ne in ekspot ya yi tsawo, kamar cikakken bidiyon biki na awa guda a zafin watan Afrilu, za ta ɗumama ta rage gudu, wanda yake da hali ya ɗauki Pro mai inci 14 da M1 Pro, ita tana da fanka. Kuma Malam Sadiƙu kar ka yarda da ram 8 ko an rage maka kuɗi, a manne yake ba a ƙarawa daga baya.

Oga Sani Gyara:
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Mu da muke buɗe su kullum mun san in allon Mac ya fashe ko ruwa ya shiga bod ɗinta kuɗin gyaran sai ya sa mutum zufa, wani kayan ma sai an aiko daga Legas, mai yawo da kaya a bayan mota kuwa faɗuwa ba ta da wuya. Ryzen 7 5800H ta kamfanin AMD kor 8 ce, in ta haɗu da katin Nvidia RTX 3060 ba abin da ba za ta yi ba, ram da SSD, wato ma'ajiyar fayil, duk ana canzawa a nan cikin gari. Ni dai ita zan ce.

Injiniya Bashir:
Oga Sani maganar gyara gaskiya ce ba musu. Amma akwai wani abu da ya sa ban ce Ryzen ba. Cikin firosesar Intel akwai wani ɓangare, Quick Sync, aikinsa warware bidiyo da kuma matse shi wajen ekspot, Premiere na amfani da shi shi ya sa bidiyo ke tafiya sumul ba tare da an wahalar da sauran ba. A7 III ɗinsa 8-bit take ɗauka, kowacce cikinsu za ta iya, amma ranar da Allah ya buɗa masa ya koma A7 IV ko Canon R6 masu 10-bit 4:2:2 a H.265, wato bidiyo mai yawan launi da ya fi wuyar warwarewa, Intel daga na 11 da Apple M suna warware shi kai tsaye, 5800H da RTX 3060 ba sa yi, sai dai a yi da ƙarfin tsiya. A maganar batir kuwa Hajiya ta fi ni gaskiya, na yarda.

Khalifa Malali:
Kafin ka saya ma ka koyi yin furoksi a Premiere, wato ya yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yanka da su, wajen ekspot ya koma na asali. Ko tsohuwar taka za ta ɗan numfasa. Kana isowa masauki ka sa ya fara tun da sauran janareto.

Sadiƙu Mai Kamara:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Zuciyata ta fi karkata ga M1 ɗin don matsalata ta wuta ce, dogon bidiyon kuma a gida Tudun Wada nake haɗa shi. Tsorona kawai kar a sayar min da mai matsala, ban taɓa riƙe Mac ba.

Maman Hanifa:
Ka tabbata mai ita ya cire iCloud ɗinsa a gabanka, a goge ta a sake kunnawa ka shiga da naka, in ba haka ba wata rana za ta kulle kuma ba mai buɗe maka. Ka duba lafiyar batir da adadin cajin da aka yi mata a cikin saiti. Premiere ɗinka kuma yana aiki a kanta, hannunka zai saba cikin kwana biyu.

Injiniya Bashir:
Kar ka biya ko sisi sai ka gwada da aikinka. Asabar bayan azahar ina wajen Ahmadu Bello Way, ka kira ni mu shiga tare, mu sa a ajiye mana M1 ɗin da wata mai 12500H gefe da gefe, mu zare caja duka biyun mu yi ekspot kana kallon agogo. Ka taho da memorin bikin Saminakan nan da kad rida ɗinka mai USB-C, Air ɗin ba ta da ramin memori.