Dan Allah a taimaka min da wannan lissafin na ɗebewa

Salam 'yan uwa, masana lissafi ku kawo ɗauki. Ƙanwata ce 'yar firamare aka ba su asamen, tun bayan magariba muke kai, ni da na ce zan koya mata ni ma na kafe wallahi, rabona da irin wannan tun ina JSS.

Tambayar ita ce 5 1/4 a cire 2 2/3.

Na san sai na ƙasan sun zama iri ɗaya, na nemo LCM na 4 da 3 ya ba ni 12, sai ya koma 5 3/12 a cire 2 8/12. To a nan na tsaya, don 8 ba za ta fita daga 3 ba. Na aro 1 daga 5 ta koma 4, na mai da 3 ɗin 13 kamar yadda ake yi a ɗebewar yau da kullum, na samu 2 5/12, amma amsar bayan littafi 2 7/12 ce.

Abin haushin da na bi ta ɗaya hanyar, wato 21/4 a cire 8/3, ya zama 63/12 a cire 32/12, sai ga 31/12, daidai da amsar littafin kenan. Amma ita ta dage malaminsu hanyar aro ya koya musu kuma sai ya ga aikin layi-layi.

Shin 1 ɗin da na aro nawa take zama idan ta shigo ɓangaren 3/12 ɗin, 10 ko 12? Gobe da safe za ta kai.