Ƙarewar Ungulu a Indiya: Da Gaske Ta Ci Ran Mutum 500,000?

Baban Amira: Jama'a, wai binciken da masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan suka fitar a 2024 ya ce ƙarewar ungulu a Indiya ta jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ni fa ban yarda ba. Tsuntsun da ke cin mushe ne zai tsare ran mutum? An dai ƙara gishiri.

Likitan Dabbobi: Yallaɓai, mu raba maganar biyu. Abin da ya kashe ungulun ba a gardama a kansa. Da farko an zargi wata ƙwayar cuta, sai a 2004 Lindsay Oaks da abokan aikinsa suka gano a Pakistan cewa diclofenac ne, maganin ciwo da kumburi da ake yi wa shanu da ɓauna allurarsa. Dabba ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta tsaya. In aka farke cikinta sai a tarar da hanta da zuciya sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu alli. Kuma ba zato suka yi ba, sun ba ungulu naman ɓaunar da aka yi wa allurar, cikin 'yan kwanaki suka mutu.

Baban Amira: To ai ba kowace saniya ake yi wa allura ba, Likita.

Likitan Dabbobi: Ba sai kowace ba. Lissafi ya nuna ko ƙasa da mushe ɗaya cikin 100 ne ke da maganin ya isa, domin ungulu taron dangi suke yi wa mushe, kuma ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara. Wani nau'in ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari daga 1992 zuwa 2007.

Maman Khalil: Yaya, ka manta Indiya ce. Mabiya addinin Hindu ba sa cin saniya, in ta mutu sai a yar, ungulu su share ta nan take. Da suka ƙare, wa ya gaji mushen? Karnuka da ɓeraye. Ga ciwon haukan kare, ga mushe yana ruɓewa kusa da ruwan sha. Mene ne abin mamaki a nan?

Malam Ɗalibi: Hajiya, hanyar ta kama hankali, amma adadin ne nake ja da shi. Ba gawa aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba. Sun kwatanta gundumomin da ungulu ke da yawa a da, da waɗanda dama babu su sosai, suka ga mace-mace sun ƙaru da sama da kashi 4 cikin ɗari a na farkon, daga nan suka fitar da 500,000. Ƙiyasi ne. Gundumomin nan za su iya bambanta ta fuskar asibiti ko tsabtar ruwa.

Maman Khalil: In haka ne, me ya sa tazarar ba ta bayyana ba sai bayan 1994, lokacin da maganin ya yi araha ya bazu?

Malam Ɗalibi: Wannan ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Cewa nake kada a riƙa faɗin adadin kai-tsaye, sai ka ce sakamakon gwajin jini.

Baban Amira: Yauwa, ƙanina. Ai tun 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi maganin, a rufe maganar kawai.

Likitan Dabbobi: Ina! Bayan hanin sai aka koma sayen na mutane ana yi wa shanu, har sai da Indiya ta ƙayyade kwalbar a mililita 3 a 2015. Ga meloxicam nan, wani maganin ciwon da ba ya cutar da ungulu, amma wasu suka koma aceclofenac, wanda ke rikiɗewa ya zama diclofenac a cikin jikin saniya. Shi ma sai 2023 aka hana shi.