X(3872): molekul ko kwak huɗu a dunƙule? Ina neman shawara

Ɗan Anguwar Rogo: Salamu alaikum. Ina digiri na biyu a fiziks nan Jos, malamina ya ce in tsayar da hanya ɗaya kafin ƙarshen wata. Aikin a kan X(3872) ne, wata 'yar ƙwaya da ta fi atom ƙanƙanta, wadda masu gwajin Belle suka gano a Japan a 2003. Ko in ɗauke ta molekul, wato ƙwayoyi biyu da ake kira mesan D da D* riƙe da juna sako-sako, ko kuwa kwak (ƙananan tubalan da mesan da furoton suka ƙunsa) huɗu a dunƙule, bibbiyu. Kwamfutata tsohuwa ce, lissafin Schrödinger, wato mai sauƙin, kaɗai take ɗauka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka yi latis QCD kawai, wato lissafin kwak da manyan kwamfutoci, nan duniya ta dosa.

Malamar Bukuru: Injiniya, da wace kwamfutar? Ƙanena, ɗauki molekul. Nauyin X(3872) ya zauna daf da jimillar nauyin mesan D0 da D*0, shi ne babbar hujjar masu wannan ra'ayi. Amma ka shirya: za a tambaye ka yadda abu mai rauni haka yake fitowa da yawa idan aka gwara ƙwayoyi da ƙarfi a gwaji.

Baban Ummi: Ni dai Allah ya isa. Na kusa gama nawa a kan pentakwak (ƙwaya mai kwak biyar) da masu gwajin LHCb suka sanar a 2015, sai ga 2019 aka gano ɗaya daga ciki, Pc(4450), ashe biyu ce. Malamina ya ce in sake daga farko, ya tafi hutun shekara, ko waya ba ya ɗauka. Babi uku suka tafi a banza. Yau takalma nake sayarwa a Taminus.

Injiniya: To ya sayi kwamfuta mana. A Baneks, Abuja, dubu 350 za ta yi.

Na Farin Gada: Wace dubu 350? Ƙasa da 600 sai wadda batirinta ya mutu.

Malamar Bukuru: Injiniya ko takarda ɗaya ka taɓa wallafawa a fannin?

Injiniya: Ke da kika wallafa, masanan ma sun daidaita ne?

Na Farin Gada: Kwak huɗu sun zauna ɗaki ɗaya lafiya, mu uku a hostel mun kasa.

Baban Ummi: Ko ka sayi ta miliyan, wutar fa? Lissafina ya kwana yana tafiya, da asuba aka ɗauke.

Ɗan Anguwar Rogo: Yaya, mu taransifomarmu ma ta ƙone. Nawa ake haɗa ƙaramin sola yanzu?