Sati biyar da sauya mini faifan gadon baya, yaushe zan koma ƙwallo?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 38, malamin makaranta ne ni. Na yi shekara uku ina fama da ciwon baya mai sauka ƙafar hagu, har aka yi mini aiki a Indiya, aka cire faifan da ke tsakanin L5 da S1, wato ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya, aka sa na ƙarfe. Ta ciki suka shiga, ƙasan cibiya. Yau sati biyar, alhamdu lillahi ciwon ya tafi. Ina kewar ƙwallon yamma ƙwarai, ga babur ɗina a jingine. Abin da ya fi damuna kuma, har yanzu a kujera nake sallah. Wanda aka taɓa yi wa, yaya ya yi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Gashin ƙashi ne aikina, kuma abin da na fi tsoro ga irinku shi ne wannan "ciwon ya tafi". Ciwo kan tafi tun kafin wurin ya warke. Ƙarfen yana zaune ne tsakanin ƙashi biyu, sai ƙashin ya tsiro ya kama shi, abin da kan ci sati 6 zuwa 12. Ga tsokar ciki da aka ratsa, ita ma ba ta gama haɗewa ba. Yanzu tafiya ce maganinka, safe da yamma a wuri mai laushi, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Kada ka banƙare baya, kada ka murɗa ƙugu, kada ka taɓa jarkar ruwa: mai cin lita 25 kilo 25 ce. Ƙwallo kuwa akwai karo da juyi na ba-zata, sai bayan watanni, sai kuma likitanka ya ga sabon hoto ya yarda. Idan ka ji ƙafa tana mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi, ko ɗinki yana ruwa, ko ƙwauri ya kumbura, asibiti a ranar.

Baban Gida:
Ƙanena, ni a wuya aka yi mini. Na hau babur a sati na huɗu, rami ɗaya ya kwantar da ni kwana goma, duk da hoto ya nuna ƙarfen bai gusa ba. Kuma kada ka bari mai ɗori ya danna maka wurin, ko da ɗan uwa ne. Maganar sallah ka kwantar da ranka, hadisin Imrana bin Husaini a Buhari ya ce ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya. Hajiya, keken motsa jiki na tsaye fa? Akwai shi a gidan maƙwabcina.

Maman Ilham:
Shi ake fara yarje wa mutum kafin gudu. Amma tura wa likitanka saƙo tukuna, ka haɗa da tambayar ruku'u da sujada a ciki.