Wace kwamfuta zan saya ma karatun jeni sibil? jikka 350 gare ni

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku. Dan Allah shawara nike nema wurin waɗanda sunka san harkar kwamfuta. Na samu bak bana kuma zan fara jeni sibil, wato injiniyancin gine-gine da hanyoyi, nan Maradi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yayyenmu da sunka riga mu shiga sun ce mani ba makawa sai na mallaki kwamfuta tawa ta kaina saboda AutoCAD da sauran lojisiyel na zane. Baba da kawuna sun haɗa mani jikka 350 kuma sun faɗa mani gaskiya daga wagga babu wata har in ƙare lisans, shi ya sa ban son in yi gaugawa.

Na zagaya kasuwa na ga biyu. Ta farko HP ce siririya mai kyan gani cikin kwalinta, mai shagon ya ce sabuwa ce kuma i7 ce, RAM 8, jikka 300. Ta biyu Dell Precision 7530 okaziyon, i7-8850H, RAM 16, SSD 512, da karti girafik Quadro P1000, ita jikka 330 ya ce, amma wallahi nauyi gare ta kuma sharjarta kaɗai ta kusa cika sak. Ga kuma wani abokina shina ta matsa mani wai in ƙara kuɗɗi in ɗauki MacBook ita ce ta manyan injiniyoyi. Mi kuka gani? Tunda duka biyun i7 ne ba gara sabuwar ba?

Injiniya_Shantiye:
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da samun bak, Allah ya sa albarka. Kalmar nan "duka i7 ne" ita ka halaka kuɗɗin yara kowace shekara. Koma wurin mai HP ka ce ya kunna ta, ka shiga ka karanto cikakkar lambar purosesa, ba takardar da anka liƙa a jiki ba. Lambar farko bayan i7 ita ke gaya maka zamanin (daga zamani na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ne), harafin ƙarshe kuma shi ke gaya maka irin aikin da anka yi ta dominshi. Mai U a ƙarshe an yi shi ne don ya tsimi batiri, wat 15 yake ci, ya yi daidai da aikin biro da kallo. Mai H wat 45 ne, shi ne na aiki mai nauyi. 8850H ɗin da ka gani zamani na 8 ne, na 2018, kuma kor 6 gare shi, wato ƴan injuna shida masu aiki tare cikin purosesa guda.

Zamanin nan na 8 ka riƙe shi da kyau don shi ne iyaka. Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zamani na 8 na Intel take farawa. Duk abin da ke ƙasa da haka za a iya cusa mashi ita ta bayan gida amma ba ni ba ka shawarar ka zuba kuɗɗin shekara uku a kai.

Batun MacBook ka bar shi kawai. Na'ura ce mai kyau ba wanda ya musa, AutoCAD ma akwai na Mac, sai dai Revit na zanen gini 3D babu, Robot na lissafin ƙarfin gini babu, Covadis da ake aikin topo da hanya da shi bisa AutoCAD na Windows yake hawa, in ma mekanik ka koma SolidWorks shi ma Windows ne. Za ka sayi abu mai tsada ka dawo kana aron kwamfutar abokai daren da za a miƙa aiki.

Abin da ni zan duba bi da bi: RAM 16 shi ne farko (RAM ita ce memuwar da na'ura ke riƙe aikin da ke buɗe a ciki), don Revit na yanzu 16 yake nema tun daga ƙasa, da 8 za ka buɗe shi amma da ka ƙara PDF biyu da Chrome sai komi ya tsaya cak. Sannan SSD, wato diskin ajiya mai sauri, kar ka yarda da tsohon diski mai juyawa ko an ce maka tera guda ne. Sannan ekaran 1920 x 1080, don waɗannan masu 1366 x 768 akwatunan kayan aiki na AutoCAD kaɗai sun cinye rabin fuskar, wurin zanen ya zama ɗan mitsitsi. Karti girafik shi ne na ƙarshe a lissafina ko da yake shi masu shago sunka hi yi ma talla. P1000 mai giga 4 ya ishe ka 3D na ɗalibi, ba ka buƙatar wanda ya hi shi. Kuma alherin Precision ɗin nan ramun RAM huɗu gare ta, biyu ƙarƙashin murfin ƙasa biyu ƙarƙashin kilabiye, ran da ka kai ga memuwar ka samu ƴan kuɗɗin sitaj sai ka ƙara ta koma 32 ba tare da ka sake na'ura ba. Siraran nan da yawansu RAM ɗin a like yake da allon ciki, yadda ka saye ta haka za ka mutu da ita. ZBook 15 G5 ta HP da ThinkPad P52 ta Lenovo duk sa'o'inta ne, in ka ci karo da ɗaya mai lahiya da araha kar ka ce lalle sai Dell.

Ɗan_Bagalam:
Na gode ƙwarai yaya. Na koma shagon da la'asar, HP ɗin i7-7500U ce, ekaran kuma 1366 ɗin da ka ce. Mai shagon ya ce wai ai ba wani bambanci.

Injiniya_Shantiye:
Kor 2 ke gare ta, kuma purosesan 2016 ne. Wace irin sabuwa ce wannan? Gyararra ce anka sa ma kwali. Bar mashi kayanshi.

Hadiza_L3:
Salam. Ni ina shekarar ƙarshe, kuma da izinin yaya Injiniya ban yarda da komi ba. HP ɗin can kam a manta da ita, wannan ba gardama. Amma ku maza in kun tashi ba da shawara sai ku manta da cewa mutum zai ɗauki abun nan a bayanshi kullum. Precision ta kai kilo biyu da rabi, ka ƙara sharja, ka ƙara littattafai, ka hau kabu-kabu daga Bagalam cikin ranar watan Afrilu, za ka gaya mani. Na biyu kuma wanda ya hi damuna shi ne batiri. Manyan na'urorin nan okaziyon in kana aikin zane da ƙyar su yi maka awa biyu, wasu ko guda ba su kaiwa, kuma kowa ya san yadda kuran ke yi lokacin zafi, daidai lokacin da ayyuka ke taruwa.

Gaskiyar magana shekara ta farko lissafi ne da RDM (darasin ƙarfin kayan gini) da zanen hannu da AutoCAD 2D, ba abin da ke neman Quadro a ciki. AutoCAD ma yawancin aikinshi kor guda yake amfani da shi, saboda haka i5 na zamani na 11 ko 12 ko Ryzen 5 na kwanan nan da RAM 16 zai yi gudu daidai da tsohon i7 ɗin can ko ma ya wuce shi wurin zanen 2D, ga sauƙin ɗauka ga batiri mai daɗewa. Ni irin ta nike aiki da ita, Robot na tahiya lahiya lau, inda take nishi kawai in na buɗe babban gini a Revit ko in ana son hoton 3D mai inuwa da haske, nan kam sai in bar ta ta yi ta yi in tahi in yi sallah in dawo. To ƙanena ka tambayi kanka, gidanku akwai panno ko gurup? In akwai, ɗauki Precision. In babu ka yi tunani sau biyu.

Mai_gyara_Sabongari:
Assalamu alaikum. Ni gyara nike yi, bari in faɗi nawa ta ɓangaren abin da ke zuwa bisa teburina. Maganar malama Hadiza gaskiya ce kan batiri, amma ta wajen ƙarko ina bayan Injiniya, don manyan nan an yi su ne a kwance a ɗaure, bantilater biyu gare su, kayan gyaransu na samuwa, siraran kuwa maƙallin ekaran ke fara karyewa kuma in zafi ya yi masu yawa sai su rage gudu da kansu.

In za ka saye ta kar ka biya sai ka zauna da ita a shagon ko da rabin awa ne. Buɗe cmd, baƙin akwatin nan na rubuta umarni cikin Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fiddo maka takarda mai nuna ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage yanzu, in ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ka sa a rage maka kuɗɗin sabon batiri. Samfurin nan batiri iri biyu yake zuwa da shi, 64Wh da 97Wh, in babban ne ka yi sa'a. Sa CrystalDiskInfo a kile USB ka je da shi, shi zai gaya maka lahiyar SSD da awowin da ya yi aiki. Shiga BIOS, saitin na'ura na kahin Windows ta tashi, ta hanyar danna F2 lokacin kunnawa, ka tabbata ba kalmar sirri a kai, don da yawansu daga kamfanonin Turai da Amurka sunka hito kuma wasu na zuwa a kulle, wanda ya saye su shi ka shan wahala. Gwada kowane rami na USB, da HDMI, da kamara, ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a ekaran, ka danna kowane harafi.

Sharja kuma, dan Allah ku ji wannan. Precision 7530 wat 180 take so. Dell na da ɗan siririn tsinke tsakiyar bakin sharja wanda na'urar ke gane ta da shi, in ba ta gane ta ba ko ta ga ƙarama ce sai ta ƙi cika batiri kuma ta rage gudun purosesa, sai yaro ya zo mani yana cewa kwamfutarshi ta lalace alhali sharjar wat 65 anka haɗa shi da ita. Juya bayanta ka karanta da idonka. Kuma wat 180 ba wasa ba ne ga ƙaramin panno na gida mai ƙwan fitila da cajin waya, ka lissafa da wannan.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarmu nan garin. Lokacin hunturu iska na kwaso ta, bantilater na zuƙe ta, ta taru a raga kamar auduga ta toshe hanyar iska, da zafi ya shigo sai na'ura ta riƙa mutuwa da kanta. Kar ka aza ta bisa katifa ko tabarma ko darduma, nemi ɗan katako ko tebur ka ɗaga bayanta kaɗan. Bayan kowane hunturu a buɗe a share, kuma tunda ta 2018 ce ka sa a canza mata man nan da ake shafa ma purosesa tun ranar da ka saya, ba shi da tsada.

Masu cewa a tahi Kano Beirut Road an hi samun zaɓi, haka ne akwai kaya sosai, amma ka sa kuɗɗin mota da canjin naira da duwan a lissafi, kuma in ta ba da matsala bayan sati ka san nisan da ke tsakaninka da mai shagon. Kilabiyen na can kusan duka QWERTY ne na Turanci, ba su da é da è da ç a rubuce, kai kuma rahotanninka da Faransanci za ka rubuta su, ana iya juya kilabiye cikin Windows a liƙa ƴan takardu bisa haruffa amma ka san da haka. Bakin wayar wutarsu ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila.

Ɗan_Bagalam:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Anti Hadiza gidanmu ba panno amma shagon kawuna akwai kuma kusa ne, can zan riƙa zama in an ɗauke. Na gwada Precision ɗin yadda malam mai gyara ya ce, batiri 97Wh ne saura wajen kashi 75, sharja ta asali ce 180, BIOS a buɗe, kilabiye ma AZERTY ce ta Faransanci. Mun tsaya jikka 310 da garantin wata guda a rubuce bisa faktir. Saura lojisiyel, mai shagon ya ce zai zuba mani AutoCAD da Revit da komi kyauta, in bari?

Injiniya_Shantiye:
A'a kar ka bari. Nasu fasassu ne, kahin su zuba sai sun kashe antibirus, kuma ba ka san abin da ke biyo su ba. Autodesk na ba ɗalibai AutoCAD da Revit da Robot kyauta na shekara guda, ana sabuntawa muddin kana karatu, rijista kawai za ka yi a shafinsu da katin ɗalibi ko takardar shaidar rijistarka. Manya ne ƙwarai, nemi wifi mai ƙarfi kar ka ƙone forfe ɗinka. Kahin nan ka sa a goge na'urar gaba ɗaya a zuba Windows 11 mai tsabta, ka ɗauko direban Quadro, wato ɗan lojisiyel ɗin da ke sa kartin aiki, daga shafin Dell ko Nvidia, sannan cikin saitin Nvidia ka zaɓa ma AutoCAD da Revit babban karti, in ba haka ba wani lokaci sai su hau kan ƙaramin na Intel kana zaune kana mamakin jinkiri. Ka tambayi malamanku shekarar Revit da suke aiki da ita kahin ka saukar, don fayil ɗin da anka yi da sabo ba ya buɗuwa a tsoho. In AutoCAD ɗinka na Faransanci ne kuma kana koyo da bidiyon Turanci a YouTube, sa ƴar layin ƙasa gaban umarnin, kamar _LINE ko _OFFSET, zai karɓa.

Hadiza_L3:
To Allah ya sa alheri, tunda akwai wurin kawu ba laifi. Cikin jikka 40 da sunka rage ka sayi suri mai waya mai ɗan taya a tsakiya, ba a zane da tafin kwamfuta, da sak mai kauri mai madauri biyu, da ralonj mai kariya saboda dawowar kuran da ƙarfi. Ayyukanka kuma ka riƙa jefa su Google Drive duk sati, giga 15 ne kyauta, ya ishi zane-zanen shekara ta farko.

Mai_gyara_Sabongari:
Kuma cikin BIOS wurin saitin batiri ka sa ya riƙa tsayawa a 80 ranakun da kake zaune kusa da wuta, in lokacin yawan ɗaukewa ya zo sai ka maida shi 100. Kawo ta a canza man kahin ka fara zuba lojisiyel.